Yawon Ganin Ikon Allah A Ƙasar Kudan Da Makarfi Da Ikara

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya shimfiɗa mana ƙasa, ya kakkafa duwatsu a cikinta, ya gudanar da ƙoramu a tsakaninsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, musamman idan hutun ƙarshen shekara ya ƙarato. Suna cewa, shin ya halatta ga Musulmi ya kwashi iyalinsa ya fita bayan gari ba don fatauci ba, ba don gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure ba, sai don kurum ya ga duwatsu da itatuwa da ruwaye, ya sha iska, ya dawo gida? Mutane sun rabu biyu a kan wannan. Waɗansu sun ce ai wannan al'adar Nasara ce, kuma ɓata lokaci ne da dukiya. Waɗansu kuwa sun rungumi abin ba tare da wani linzami ba, sai ka ga an cika mota da samari da 'yan mata da kayan kiɗa, an tafi gindin wani dutse an wuni, Azahar ta wuce, La'asar ta bi ta, ba wanda ya sa goshinsa a ƙasa. Mu dai abin da muka gani a littattafai shi ne, kowane ɓangare daga cikin biyun nan ya kauce wa tsakiyar hanya. Za mu kawo hukuncin tukuna, sa'an nan mu nuna inda za a je, kana mu faɗi ladubban tafiyar.

Hukuncin Fita Yawo

Malaman fiƙihu sun ce tafiya ba ta da hukunci guda, tana ɗaukar hukuncin abin da aka fita dominsa ne. Akwai ta wajibi kamar hajjin farilla ga mai iko. Akwai wadda ake so kamar ziyarar zumunta da neman ilmi. Akwai ta halal kamar fatauci. Akwai abar ƙi, watau wadda ba kome cikinta sai wargi. Akwai kuma ta haram, kamar fita don fashi ko don aikata alfasha a inda idon sani ba ya gani.

To, ina fita ganin halitta ta faɗa a cikin waɗannan? Alƙur'ani mai girma ya umurci mutane da su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, a wurare da dama. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umurce mu da tafiya don mu ga yadda Allah ya fari halitta. A Suratur Rum, aya ta 42, an umurce mu da ita don mu ga ƙarshen waɗanda suka gabace mu. A Suratul Gashiya kuwa an jawo hankalinmu ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu hankali waɗanda ke tunani cikin halittar sammai da ƙasa. Imamul Gazali, a cikin Ihya'u, ya ware littafi guda a kan ladubban tafiya, kuma ya lissafa duban ayoyin Allah a bayan ƙasa a cikin nau'o'in tafiyar neman ilmi.

A sunna ma haka abin yake. Ya tabbata a Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga gonar Abu Ɗalha da ake kira Bairuha ya sha ruwanta mai daɗi. Ya tabbata ya zauna a bakin rijiyar Arisa ya zura ƙafafunsa a ciki, Abubakar da Umar suka zo suka zauna tare da shi. Ya hau dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman, kuma ya bayyana ƙaunarsa ga wannan dutse. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha a cikin wata tafiya. Kuma lokacin da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i nasiha cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa, Annabi ya gaskata Salmanu.

Saboda haka wanda ya fita don ya huta wa jikinsa, ya faranta wa iyalinsa, abin da ya yi halal ne. Idan ya haɗa da niyyar tunani cikin ikon Allah, to, ya koma abin so, yana da lada. Idan kuwa tafiyar ta jawo barin salla, ko cuɗanyar maza da mata waɗanda ba muharramai ba, ko ɓarnar dukiya alhali akwai bashi a wuyansa, to, haramcin ya zo ne daga abin da aka ɗora mata. Wanda ya ce al'adar Nasara ce, sai mu tuna masa cewa Ibnu Baɗɗuɗa ya bar garinsu Ɗanja ta Maroko a shekarar 1325, ya kusan shekara 30 yana yawo, har ya zo ƙasar Mali a 1352, ya biyo ta Takedda a ƙasar Azbin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Tukururu da mutanensu, har da Zazzau. Sanin ƙasa gadonmu ne tun kafin Bature ya sa ƙafa a nan.

Ƙasar Da Muke Nufi

Mun lura da yawa daga masu hali idan aka ce yawon buɗe ido sai hankalinsu ya tafi Dubai ko Masar ko Turkiyya, a kashe kuɗin da zai ciyar da unguwa guda. Ƙaramin ma'aikaci kuwa da ya ji haka sai ya ce abin ba nasa ba ne. Alhali ga ƙasa nan a bayan ɗakinmu wadda kuɗin mota kaɗan zai kai mutum, ya wuni ya dawo ya kwana a gidansa. Muna nufin arewacin ƙasar Zazzau, inda ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara suke jere daga yamma zuwa gabas, a kan iyakar Jihar Kaduna da ta Kano, Kudan kuma ta taɓa ƙasar Danja ta Jihar Katsina.

Kada mai karatu ya je da tsammanin zai tarar da ƙofa da mai sayar da tikiti, ko masaukin baƙi mai bene. Abin da ke can shi ne ƙasar noma mai albarka, da fadamu, da ƙoramu, da duwatsu jefi-jefi, da tsofaffin garuruwa. Ƙasa ce mai tudu, tana sama da teku da mita 600 da wani abu, ruwan sama yana sauka a kanta kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Shi ya sa ta fi ƙasar Kano ta arewa duhun itace, kuma daminarta ta fi tsawo.

A Kudan, wadda aka yanke daga Makarfi a shekarar 1996 aka sa hedkwatarta a Hunkuyi, abin kallo shi ne fadama. Mai zuwa a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya busar da tudu, ciyawa ta yi fari, ƙura ta rufe sama, zai gangara kwari ya tarar da wata duniya kore shar. Ga rake ya fi mutum tsawo, ga dankali, ga tumatir da tattasai da attarugu da albasa, kowane a fanginsa. A nan ne ya kamata uba ya tsai da 'ya'yansa ya fassara musu aya ta 4 ta Suratur Ra'adi, wadda ta yi magana a kan yankunan ƙasa masu maƙwabtaka da juna da ake shayarwa da ruwa guda amma amfaninsu ya bambanta wajen ɗanɗano. Ga rake ga attarugu, kunya guda ce a tsakaninsu, ruwan rijiya guda suke sha, wannan ya fito da zaƙi, wancan da yaji mai sa hawaye. Mun daɗe muna karantar da wannan aya a zaure, amma yaron da ya gan ta da idonsa a fadama ba ya mantawa da ita.

Makarfi kuwa, duk wanda ya bi babbar hanyar Zariya zuwa Kano ya kai Tashar Yari ya taka ƙasarta. Sunanta ya tafi da rake, har motoci ke ɗaukarsa zuwa garuruwa masu nisa. A ƙauyukan wannan yanki ne ake yin mazarƙwaila. Ana matse rake a injin da doki kan juya, ko da yake yanzu injin mai ya shigo, a tara ruwan, a dafa shi a manyan kasake da tuƙar raken da aka shanya, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sa'an nan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ɗan birnin da bai san sukari ba sai a kwali, ya kamata ya ga wannan aiki, ya ga gumin da ke bayan abin da yake lasa. Layin dogo na Zariya zuwa Kano, wanda ya isa Kano a shekarar 1911, ya ratsa wannan ƙasa ta Likoro da Gimi.

Ikara tana gabas da Makarfi, ƙasar masara da dawa da waken soya da barkono da tumatir, wanda yawansa ne ya sa aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a garin a shekarar 1981. A cikinta akwai tsofaffin garuruwa irin su Paki da Auchan. Wanda ya ƙara gaba kudu maso gabas zai shiga ƙasar Kubau, wadda dā a cikin Ikara take, ya ga duwatsun Dutsen Wai. Irin duwatsun nan da ke tsaye a tsakiyar fili, waɗanda Kufena ta Zariya ta fi su suna, masana ilmin ƙasa sun ce shekarunsu miliyoyi ne masu yawa. Mutumin da ake yi wa ritaya bayan shekara 35 a bakin aiki, idan ya tsaya gindin irin wannan dutse ya tuna da haka, lalle kujerar ofis za ta ƙanƙance a idonsa.

Akwai wani abin al'ajabi kuma da yawancin masu wucewa ba su sani ba. A wajejen iyakar nan ta Zazzau da Kano ne ruwan sama yake rabuwa biyu. Wanda ya gangara kudu sai ya faɗa kogin Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara, Kwara ta zuba shi a teku. Wanda ya gangara arewa kuwa sai ya bi ƙoramun da ke shiga kogin Kano da Calawa, ya bi ta Haɗeja, ya shiga kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi, ba zai taɓa ganin teku ba. Hadari guda ne, dare guda ya zuba, amma tudu kaɗan ya raba makomar ɗigo biyu. Haka 'ya'yan Adamu suke, a haife su ɗaki guda, wata 'yar karkata a farkon rayuwa ta kai wannan gabas ta kai wancan yamma. Ruwan da ya bi arewa shi ne wani sashinsa ke taruwa a madatsar Tiga, wadda aka gama a shekarar 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ba ta da nisa ƙwarai daga ƙasar Ikara ga mai son ganin ruwa mai faɗi.

Itatuwa Da Tsuntsaye

Muna roƙon iyaye da su mai da wannan fita makaranta. Abin kunya ne a ce yaro Bahaushe ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila da Sifen, amma a nuna masa ɗorawa ya kasa bambanta ta da tsamiya. A nuna masa ɗorawa, a gaya masa daga kalwarta ake yin daddawa. A nuna masa kaɗanya mai man kaɗe, da kuka wadda ake miya da ganyenta, a dama garin 'ya'yanta, a yi igiya da ɓawonta. A nuna masa giginya mai muruci, da kanya, da ɗinya, da maɗaci, da rimi wanda Zazzau ta shahara da shi. A tsaya a gindin gawo a yi tunani, domin shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ya yi kore, sa'an nan ya tofo da rani lokacin da sauran suka bushe. Da haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma dabbobi su samu inuwa da abinci. Wane ne ya koya wa gawo wannan lissafi?

Haka tsuntsaye. Shamuwa takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, idan ruwa ya ɗauke ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka, badi kuma ta dawo ba tare da ja-gora ba. Ga balbela a bayan shanu, ga zalɓe a bakin ruwa, ga carki, ga cilakowa, ga makwarwa a gefen gona. Gauraka kuwa, wadda dattawanmu suka saba gani a fadamu, yau ta yi wuyar gani, kuma wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wannan maƙala.

Amanar Da Muke Ci

Duk dattijon da ya san waɗannan ƙasashe shekara 40 ko 50 da suka wuce zai shaida cewa itace ya ragu, kurmi ya sirance, ƙoramun da kan riƙe ruwa har bazara yanzu suna ƙafewa da wuri. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya, da motocin itacen da ke shiga Zariya da Kano, daga wani wuri suke fitowa. Kuma wa ke saye? Mu ne mutanen birni. Wa ke ba da jarin? Sau da yawa ɗan kasuwa ne. Wa ke sa hannu a takardar izni, ko ya kau da kai a shingen hanya? Ma'aikaci ne. Don haka wannan magana ta masu karanta wannan shafi ce kafin ta zama ta ɗan ƙauyen da ke riƙe da gatari.

Turawa suna alfahari da cewa Amurka ce ta fara keɓe gandun daji na ƙasa a shekarar 1872, mu kuma a nan aka keɓe Yankari a 1956. Amma fiye da shekara 1,200 kafin na Amurka, Manzon Allah ya haramta sare itatuwan Madina da farautar namunta, ya kuma keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya yi wa kwamandanta Yazidu ɗan Abu Sufyan wasiyya da kada a sare itace mai 'ya'ya. In a fagen yaƙi an hana, ina ga lokacin zaman lafiya, a ƙasar 'yan'uwa Musulmi? Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi, sadaka ce a gare shi. Kakanninmu sun fahimci wannan, shi ya sa kowane gari yake da hurumi, da burtali, da mashaya, waɗanda ba mai ikon nome su. Cinye su da aka yi yana daga cikin abin da ya haddasa rigimar manoma da makiyaya.

Ba mu ce sare itace haram ne a kowane hali ba. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ciwon barci ya addabi ƙasar Anchau, hukuma ta sa aka sassare kurmin bakin ƙoramu inda ƙudan tsando ke fakewa, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Wannan sara ne don tsare rai, shari'a kuwa ta gabatar da rai a kan itace. Abin da muke suka shi ne a kwantar da kaɗanya ko ɗorawa mai shekara 100, wadda matan ƙauye ke ci da 'ya'yansu daga gare ta, don buhun gawayi kaɗan, ba a dasa ko ɗaya a madadinta ba.

Ladubban Tafiya

Na farko, salla. A mazhabar Malikiyya ba a yin kasaru sai tafiya ta kai baridi 4, watau mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Saboda haka mutumin Zariya da ya je Hunkuyi ko Makarfi zai cika sallarsa, na Kaduna kuwa da ya nufi Makarfi ko Ikara ya kai nisan kasaru. Sai dai Shehu Halilu a Muhtasar ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi daga wannan sunna, to, kowa ya dubi niyyarsa. Ruwan tafki ko na ƙorama da ya canja launi saboda laka ko gansakuka yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. In ba ruwa, taimama a kan dutse ta inganta. A san alƙibla tun da rana, a yi kiran salla a yi jam'i, domin ƙasa duka an sanya mana ita masallaci.

Na biyu, tsare aƙida. Sanannen abu ne cewa a zamanin jahiliyyar ƙasar Hausa ana yi wa waɗansu duwatsu da itatuwa yanka, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan inkari a kan wannan a littattafansa. Tirmizi ya ruwaito yadda Annabi ya tsawata wa waɗansu sababbin shiga Musulunci da suka roƙe shi ya sanya musu itacen neman albarka irin na mushirikai. Dutse aya ce mai nuni zuwa ga Mahaliccinsa, ba ya ba da haihuwa, ba ya ba da muƙami. Wanda aka ce masa ya kai baƙin bunsuru gindin wata kuka don ƙarin girma a ofis, ya sani an kira shi zuwa ga shirka ne. In an bi ta kan kufai ko rusasshiyar ganuwa, a yi wa'azi da ita, a tuna cewa masu ita ma sun yi kasuwa sun yi sarauta.

Na uku, hakkin mutanen wurin. Gona tana da mai ita ko ba ka gan shi ba. Karya kara guda na rake ba da izni ba cin haram ne, kome ƙanƙantarsa. A fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum. Kada a ɗauki hoton matan mutane a rafi ko a gona. Kada a yi wa manomi wulaƙancin ciniki don an gan shi da ƙura a jiki, a saya da daraja, in da hali a ƙara masa. A waɗannan ƙasashe akwai Fulani makiyaya, akwai kuma Hausawan da ba Musulmi ba, dukansu suna da hakkin maƙwabtaka da kyakkyawar magana, kuma halin baƙo yana iya zama wa'azin da ya fi na baki.

Na huɗu, tsabta da tausayi. Hadisi ya tsoratar a kan yin bayan gida a hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashaya. Muna ganin zubar da leda da gwangwani da fasassun kwalabe a irin wuraren nan ɗan'uwan wancan ne, domin leda tana kashe akuya da saniya in sun haɗiye ta. Abin da ka zo da shi ka koma da shi. Kada a bar yara su yi ta harbin tsuntsaye da danƙo don wasa, an hana mai da mai rai abin gwada saiti, kuma Annabi ya sa an mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Kada a bar wuta ba a kashe ba, musamman da kaka lokacin da amfanin gona ke tare a fili.

Na biyar, tsare rai. Ba boyayyen abu ba ne cewa a shekarun nan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sha fakewa a manyan dazuzzuka, har da dajin Falgore da ke maƙwabtaka da wannan yanki ta wajen Kano. Kada kowa ya kutsa daji mai nisa da gari. A tambayi labarin hanya daga mutanen wurin kafin a tashi, a fita da sassafe, a juyo kafin La'asar sakaliya, kada magariba ta riski mai iyali a hanya. An hana mutum tafiyar dare shi kaɗai, kuma an umurci matafiya in sun kai 3 su shugabantar da ɗayansu. Kada yara su yi wanka a tafki mai kwance, nan ne ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. A sa takalmi mai rufi saboda kububuwa da kasa, kada a zura hannu a kogon dutse ko ramin gara. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Abin Da Muke Roƙo

Muna roƙon kowane magidanci mai karanta wannan shafi ya ware yini guda a cikin hutunsa, ko bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba da Nuwamba lokacin da dawa ta sunkuyar da kai, ko a tsakiyar hunturu lokacin da fadama ke ganiyarta, ya kai 'ya'yansa su ga inda abincinsu ke fitowa. Da yawa daga cikinmu ma can ne asalinmu, akwai gwaggo ko kawu da aka shekara ba a gani ba, sai a haɗa ziyara da kallo, lada ya zama biyu. Ya tafi da dashen itace ko 2 ko 3, mangwaro ko dalbejiya ko ɗorawa, ya nemi iznin mai wuri a dasa a harabar masallaci ko makaranta, ya bar wa wani yaro ɗan abin hasafi don ban ruwa har damina ta sauka. Muna kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan 3, da hakimai da dagatai, su tsare abin da ya rage na hurumi da burtali da itatuwan amfani, limamai kuma su sa maganar a huɗubar Juma'a, domin amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah ya sa mu cikin masu gani su yi tunani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu. Allah ne mafi sani. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayani a kan haɗa salloli biyu ga matafiyi da sharuɗɗansa a mazhabar Imamu Malik. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.